Ba Kowace Cuta Ce "Bairos" Ba: Rabe-raben Miyagun Manhajojin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya kasa kunne ga yadda muke maganar kwamfuta a garin Mubi, zai lura cewa kalma ɗaya ce muka ɗora wa kowane irin laifi, wato "bairos". Kwamfuta ta yi nauyi, bairos ne. An sa filash an tarar babu komai a ciki, bairos ne. Waya tana shan data kamar ruwa, bairos ne. An wayi gari an kwashe wa mutum kuɗinsa na banki, nan ma bairos ne. Daga shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, har zuwa rumfunan masu gyaran waya a kasuwa, wannan kalma ita ce amsar kowace tambaya.

Amma mu leƙa kasuwar shanu ta Mubi mu ji yadda makiyayi yake magana. Ba zai taɓa cewa saniyarsa tana da "ciwo" ya yi shiru ba. Zai faɗa maka ko boru ne, ko sammore, ko ciwon huhu, ko harbin daji, domin ya san kowanne da hanyar da yake shiga garke, kowanne kuma da maganinsa. Wanda ya ba saniya mai boru maganin sammore, ya yi asarar kuɗinsa, wataƙila har da saniyar.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa haka abin yake ga kwamfuta da wayar hannu. Miyagun manhajoji iri-iri ne, kuma maganin wani kan zama guba ga wani. Ni ba da Hausa na buɗi baki ba, a makaranta da kasuwa na koye ta, don haka na san yadda sanin sunan abu yake buɗe wa mutum ido a kan abin. Saboda haka, a kowane kashi zan kawo sunan da muka aro daga Turanci, sannan in ba da shawarar sunan Hausa, in bar wa 'yan uwana ɗalibai da malamanmu su auna.

Mece ce muguwar manhaja?

Manhaja dai jerin umarni ne da wani mutum ya rubuta domin kwamfuta ta bi. Muguwar manhaja, wadda Turawa ke kira malwaya, ita ce wadda aka rubuta da nufin ta yi aiki a na'urar mutum ba da saninsa ko yardarsa ba, kuma aikin ya cutar da shi. A nan ya kamata mu fahimci abu ɗaya: ba ƙura ko zafi ko tsufan na'ura ke haifar da ita ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta ta, kuma yana da abin da yake nema.

Tambayoyi biyu ne suke rarrabe su. Ta farko: ta yaya abin yake shiga, yake kuma yaɗuwa? Amsar wannan ita ke ba mu bairos da tsutsa da Turojan. Ta biyu: idan ya shiga, me yake aikatawa? Amsar wannan ita ke ba mu mai garkuwa da mai leƙen asiri da sauransu. Ke nan manhaja ɗaya tana iya ɗaukar suna biyu, ɗaya na hanyar shigarta, ɗaya na aikinta, kamar yadda za a ce ɓarawo ya shiga ta katanga, kuma awaki yake sata.

Bairos na ainihi: kauci

Bairos na gaskiya ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Yana liƙe kansa ne a jikin wata manhaja ko wani fayil mai lafiya. Idan aka buɗe wannan fayil, sai ya farka ya nemi wasu ya liƙe musu. Idan ba a buɗe ba, yana nan kwance. Wannan ya sa nake ganin sunan da ya dace da shi shi ne "kauci", tsiron nan da ba ya fitowa a ƙasa sai a reshen wata bishiya, yana shan abincinta.

Wani ɗalibin jami'a a Amurka mai suna Fred Cohen ne ya yi gwajin irin wannan manhaja a shekarar 1983, kuma rubutunsa na 1984 ne ya yaɗa amfani da kalmar. A 1986 aka sami Brain, wanda ake ɗauka a matsayin bairos na farko da ya kama kwamfutoci samfurin IBM. Wasu 'yan uwa biyu ne, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi a birnin Lahore na Pakistan, har suka sa adireshinsu da lambar wayarsu a cikinsa. Ta faifan fulofi ya riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu har ya kai Turai da Amurka.

Wanda ya fi shafar mu ɗalibai shi ne mai liƙewa a jikin takardun Word. Manhajar Word tana ba da damar a saka ƙananan umarni a cikin takarda, waɗanda ake kira makuro. A watan Maris na 1999, wani bairos mai suna Melissa ya yi amfani da wannan dama: da zarar an buɗe takardar, sai ya aika kansa ta imel ga mutum 50 na farko da ke cikin jerin adireshin mai kwamfutar. Darasin da ke nan shi ne, idan aka aiko maka da takarda, ka buɗe ta ce sai ka ba makuro izini kafin ka ga rubutun, to ka rufe ta.

Tsutsa

Bambancin tsutsa da kauci shi ne, ita tsutsa cikakkiyar manhaja ce, ba ta buƙatar jikin wani fayil. Tana kwafar kanta ne daga na'ura zuwa na'ura, ta intanet ko ta filash. Wasu ma ba sa jiran kowa ya latsa komai, sukan nemi ɓaraka a jikin babbar manhajar kwamfuta su kutsa. A ranar 2 ga Nuwamba, 1988, Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata tsutsa da aka ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000, a lokacin da duk waɗanda ke kan intanet ba su wuce kimanin 60,000 ba.

Wata kuma da harshe ta yi farauta. A watan Mayu na 2000, saƙon imel mai taken ILOVEYOU ya taso daga ƙasar Filifin ya kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Abin da aka maƙala wa saƙon ya yi kama da wasiƙar soyayya, alhali manhaja ce. Windows ta ɓoye haruffan ƙarshe na sunan fayil ɗin, waɗanda su ne za su tona asirinsa, mutane kuwa suka yi ta buɗewa don son ganin wanda ya mutu a kansu.

A wannan gida ne abin da ya fi addabar ɗaliban Mubi yake, wato wanda muke kira bairos ɗin shotkot. Ga yadda yake aiki. Ka kai filash ɗinka shagon buga takardu, aka soka shi a kwamfutar da ta kamu. Nan take tsutsar za ta kwafi kanta a cikinsa, ta ɓoye jakunkunanka na ainihi, sannan ta ƙirƙiri wasu gumaka masu suna iri ɗaya da nasu, kowanne da 'yar kibiya a gefensa. Da ka koma ɗaki ka latsa gunkin da ke ɗauke da sunan kundinka, tsutsar ka tayar, ta kama taka kwamfutar, tana jiran filash na gaba. Da haka kwamfuta ɗaya a shago take iya rarraba cuta ga aji guda a makon miƙa kundi.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan lokuta wannan tsutsa ba ta goge komai, ɓoyewa kawai take yi. Hujja kuwa ita ce, idan ka duba ma'aunin filash ɗin za ka ga har yanzu a cike yake kamar da. Amma da yake sunanta "bairos" a bakinmu, kuma mun ɗauka bairos cinye abu yake yi, sai a ba ɗalibi shawarar ya yi fomatin. Na ga wanda ya bi wannan shawara, ya goge babi huɗu na kundinsa da hannunsa, alhali suna nan lafiya lau. Abin da ya kamata shi ne a fara bincika filash ɗin da manhajar riga-kafi, a goge gumakan ƙarya ba tare da an latsa su ba, sannan a umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Umarnin attrib da ke cikin Windows yana cire wannan lulluɓi, kuma kowane mai gyara da ya san aikinsa ya san shi.

Turojan: kura da fatar akuya

Sunan Turojan daga wani tsohon labarin Girkawa ya fito. An ce sun daɗe suna yaƙar birnin Taroi ba su ci shi ba, sai suka sassaƙa wani ƙaton dokin katako, suka ɓoye mayaƙa a cikinsa, suka bar shi a ƙofar gari kamar kyauta. Mutanen gari da kansu suka ja shi ciki. Mu ba mu buƙatar aron doki daga Girka, domin Hausa tana da "kura da fatar akuya".

Irin wannan manhaja ba ta kwafar kanta. Kai ne za ka ɗauko ta ka girka da hannunka, domin ta zo maka da siffar abin da kake so: manhajar kuɗi da aka fasa aka ce kyauta ce, ko wasa, ko manhajar da aka ce tana ba da data. A wurinmu, babbar ƙofarta ita ce manhajojin waya da muke turawa juna ta Xender, ko waɗanda ake zuba mana a rumfar masu tura finafinai, ba tare da sanin asalinsu ba. A watan Agusta na 2021, kamfanin Kaspersky ya bayyana cewa ya gano Turojan mai suna Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp da matasa ke so saboda ƙarin kwalliyarsu. Yana iya karanta saƙonnin tes, ya kuma sa mutum cikin tsarin biyan kuɗi bai sani ba.

Wani lokaci ma kurar a cikin kwali take zuwa. A shekarar 2020, sashen bincike na Secure-D ya ba da rahoton samun Triada da xHelper a cikin wayoyi samfurin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Masar da Gana da Afirka ta Kudu da maƙwabciyarmu Kamaru. Kamfanin Transsion mai wayar ya ce matsalar daga wajen masu kawo masa kayan haɗi ta fito, kuma ya fitar da gyara. Ga garin da ke bakin iyaka kamar Mubi, inda kaya ke shiga suna fita tsakaninmu da Kamaru, wannan ba labarin nesa ba ne.

Mai garkuwa da bayanai

Yanzu mu koma ga tambaya ta biyu, wato aikin da suke yi bayan sun shiga. Mafi tayar da hankali shi ne wanda ke kulle fayilolin mutum ya nemi kuɗin fansa. A Nijeriyar yau ba sai an yi wa kowa dogon bayanin garkuwa ba, don haka sunan "mai garkuwa da bayanai" ya wadatar. Yana bin takardu da hotuna ɗaya bayan ɗaya, ya rikiɗa su da wani lissafi da ba ya warwaruwa sai da mabuɗin da ke hannun wanda ya turo shi.

Na farkonsa ya bayyana a 1989, lokacin da wani masanin halittu Ba'amurke, Joseph Popp, ya aika faifan fulofi kusan 20,000 ta gidan waya da sunan bayani ne a kan cutar ƙanjamau. Bayan wani lokaci sai kwamfutar ta kulle, a nemi dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a ƙasar Panama. Wanda ya girgiza duniya kuwa shi ne WannaCry, a ranar 12 ga Mayu, 2017. Ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, yana neman dala 300 a kuɗin Bitcoin. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. WannaCry misali ne na mai suna biyu: ta hanyar yaɗuwa tsutsa ne, ta fuskar aiki mai garkuwa ne. Wani abin takaici shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar da ya bi tun watan Maris na wannan shekara, waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su ne suka faɗa.

A kwatanta shi da tsutsar shotkot. A can fayil ya ɓace wa ido amma lafiyarsa ƙalau. A nan fayil yana nan kana ganinsa amma ba ya buɗuwa. Ko manhajar riga-kafi ta kashe mai garkuwar, fayilolin suna nan a kulle. Biyan fansa ma ba tabbas ba ne. Akwai shafin No More Ransom da 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, wanda ke ba da mabuɗan wasu nau'o'i kyauta, amma ba duka ba. Maganin da ba ya ƙarya shi ne kwafin da ka ajiye a wani wuri tun kafin abin ya faru.

Yana da wani ɗan uwa da ya fi shi mugunta, wanda za a iya kira "mai shafewa". Shi ba kuɗi yake nema ba, ɓarna kawai. NotPetya, wanda ya fara daga Yukiren a watan Yuni na 2017, ya yi shigar mai neman fansa, amma babu hanyar dawo da abin da ya lalata. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk kaɗai ya ƙiyasta asararsa da ta kai dala miliyan 300.

Mai leƙen asiri

Wannan shi ne akasin mai garkuwa. Mai garkuwa so yake ka san ya zo, mai leƙen asiri kuwa so yake kada ka taɓa sani. Yana zaune shiru yana naɗar duk harafin da ka buga, yana ɗaukar hoton fuskar kwamfuta, yana kwashe kalmomin sirri da ka ajiye, yana aikawa ga ubangidansa.

A wannan fage Nijeriya ba 'yar kallo ba ce. A watan Nuwamba na 2020, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol, tare da 'yan sandan Nijeriya da kamfanin Group-IB, ta sanar da kama mutum uku a Legas a wani samame mai suna Falcon. An zarge su da aika saƙonnin imel na ƙarya ɗauke da miyagun manhajoji iri 26, ciki har da Agent Tesla da Loki, zuwa kamfanoni da ma'aikatu a ƙasashe fiye da 150. Da sun sami kalmar sirrin imel ɗin ma'aikaci, sai su zauna suna karanta wasiƙun ciniki, har lokacin biyan kuɗi ya zo, su sauya lambar asusu.

A ɓangaren waya, a watan Oktoba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a game da FluBot. Yakan zo ta saƙon tes cewa kana da kaya a hanya, ka latsa ka girka manhajar bibiya. Idan ka girka, duk lokacin da ka buɗe manhajar bankinka sai ya shimfiɗa wani shafin ƙarya a kan na gaskiya, ka rubuta lambobinka a ciki. 'Yan sandan Turai sun rusa cibiyarsa a 2022, amma dabarar tana nan a hannun wasu. Akwai kuma masu tsada da gwamnatoci ke saya, kamar Pegasus na kamfanin NSO da ke Isra'ila, wanda ya iya shiga waya ko da mai ita bai latsa komai ba.

Ga inda sanin suna yake da amfani. Wanda mai leƙen asiri ya kama, wanke na'ura kaɗai ba ya isar sa, domin abin da aka sata ya riga ya fita. Wajibi ne ya sauya duk kalmomin sirrinsa daga wata na'ura mai tsabta, ya kuma sanar da bankinsa. Wanda ya ce "an cire mini bairos" ya koma ya kwanta, ya kori ɓarawo ne ya bar masa makullin gida.

Mai ƙaƙaba talla, layar zana da garken sata

Sauran guda uku zan taƙaita su. Mai ƙaƙaba talla shi ne wanda ke watso tallace-tallace a fuskar waya ko kwamfuta, ko ya riƙa latsa su a ɓoye domin ubangidansa ya sami lada. Muna raina shi don ba ya goge komai, amma shi ne ke cinye data da caji, kuma a garin da ake biyan kuɗi kafin a yi cajin waya, wannan ma asara ce.

Na biyu shi ne wanda Turawa ke kira rutkit. Aikinsa ɓoye kansa da ɓoye wasu, ta hanyar nutsewa can cikin babbar manhaja ya hana ta faɗin gaskiyar abin da ke cikinta. Sunan da ya zo mini shi ne "layar zana". A 2005 an gano cewa kamfanin waƙoƙi na Sony BMG ya saka irin wannan a faya-fayan CD ɗinsa don hana kwafa, abin da ya ja masa shari'a. Irin wannan, sau da yawa sai an goge komai an sake zuba babbar manhaja.

Na uku shi ne botnet, wanda na kira "garken sata". Ana kama dubban na'urori a mayar da su garke ɗaya ƙarƙashin mutum ɗaya, masu su ba su sani ba, sai a kora su gaba ɗaya su danne wani shafi har ya durƙushe. Manhajar Mirai ta 2016 ta tara garkenta ne daga kyamarori da na'urorin rarraba intanet waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. A ƙarshen wannan shekara an yi amfani da wani zubinta aka kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, har intanet ya tabarbare a ƙasar. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya amsa laifin, aka ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019.

Riga-kafi

Masu iya magana sun ce riga-kafi ya fi magani. Ga abin da ɗalibi zai iya yi ba tare da kashe kuɗi ba.

Na farko, kada kundinka ya kwana a wuri ɗaya. Duk ranar da ka ƙara shafi, ka aika wa kanka kwafi ta imel ko ka ɗora a Google Drive. Mutanen Mubi sun ga yadda aka bar gari da abin da ke jiki kawai a ƙarshen Oktoban 2014, don haka ba ma buƙatar a koya mana amfanin ajiya a nesa.

Na biyu, idan za ka buga takarda, ka mayar da ita PDF ka tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp. In kuwa dole sai da filash, ka ware guda ɗaya na zuwa shago, kada ka ajiye asalin aikinka a cikinsa.

Na uku, ka riƙa sabunta babbar manhajarka. Microsoft ya daina yi wa Windows XP faci tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020, sannan tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan tsohon zubi gida ne da aka daina yi wa yaɓe. Manhajar riga-kafin da ke zuwa cikin Windows tana aiki idan ana bari ta sabunta kanta, kuma ta fi fasasshiyar da aka zuba maka a kasuwa.

Na huɗu, ka ɗauko manhajar waya daga Play Store ko App Store, ka kuma duba izinin da take nema. Me tocila za ta yi da saƙonninka na tes? Na biyar, ka kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp, kuma kada ka karanta wa kowa lambar da banki ya turo maka, ko da ya ce daga bankin yake.

Haka kuma, masu ganin abin wasa ne su sani cewa dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaɗa irin waɗannan manhajoji da gangan, kuma ta tanadi ɗauri ko tara.

Kammalawa

Idan muka duba misalan da suka gabata, za mu ga da yawansu ba da ƙarfin fasaha suka shiga ba, da magana suka shiga: wasiƙar soyayya, bayanin cuta, saƙon kaya a hanya. Yau kuma irin waɗannan saƙonni da Hausa suke zuwa mana a WhatsApp, suna alƙawarin tallafi ko data kyauta ga wanda ya latsa ya kuma tura wa mutum goma. Tarkon ya koyi Hausa, amma gargaɗin har yanzu yawancinsa da Turanci yake. Mai sayar da shanu da ke karɓar kuɗinsa ta waya, da uwar da ɗanta ya buɗe mata asusu, ba za su karanta sanarwar NCC ba.

Wannan giɓi namu ne mu ɗaliban harshe. Sunayen da na kawo, kauci da tsutsa da kura da fatar akuya da mai garkuwa da layar zana da garken sata, shawara ce kawai. Wanda yake da wanda ya fi su dacewa ya kawo shi a fitowa ta gaba, mu gwada su a bakin mutane mu ga wanda zai zauna. Abin da ake bukata shi ne, idan aka ce wa ɗalibi ko ɗan kasuwa "bairos ne", ya iya tambaya: wane iri? Ta ina ya shiga? Me ya taɓa? Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna masa ko ya tono fayilolinsa, ko ya ɗauko kwafin ajiya, ko ya garzaya banki. Allah ya kiyaye mu da abin da muka wahala a kansa.